Matar Yayana da Miyar Tafarnuwa

Matar yayana, Wendy Purkiss, ta yi shekara talatin da takwas tana soya dankalin Turawa a rumfar abinci ta kulob ɗin zari-rugarmu a garin Port Kembla na ƙasar Ostiraliya, duk Asabar ɗin da ake wasa a gida. Ni Lorraine na yi ashirin da shida daga ciki a gefenta, ina naɗe dankalin a takarda ina miƙawa ta taga. Saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba ji na yi ba.

Wendy tana da wani ilimi da ta ce babu makarantar da ke koyar da shi. Wai in mutum ya tsaya a tagarmu ya faɗi abin da yake so a zuba masa a kan dankali, to ya gama gaya mata gidan da ya fito, da aikin ubansa, da ko uwarsa a gaban gida take shanya wanki ko a baya. Mai neman jar miyar tumatir ta kwalba namu ne, ɗan ma'aikata, ya samu tarbiyya. Mai son romo mai kauri har dankalin ya jiƙe sharkaf, ko dai direban babbar mota ne ko yanzu ya taso daga aiki, a ƙara masa ludayi ɗaya. Masu ruwan tsami su ne 'yan Ingila da jirgin ruwa ya kawo tun muna yara, waɗanda har yau ba su gama mitar zafin rana ba. Gishirin kaza, wancan mai ruwan ɗorawa da ɗanɗanon kaza, ba ta sa shi a lissafi, don a ganinta duk mai hankali yana so. Wadda kuwa ta ce kada a sa mata komai, sai Wendy ta raka ta da ido har ta koma mazauninta, sannan ta ce da ni ƙasa-ƙasa ko dai matar likita ce, ko mai son a ɗauka matar likita ce.

Ilimin nan yakan ba ta kunya, amma ba ta taɓa amsa cewa ya ba ta ba. Wata Asabar wani alƙali ya zo kallon wasan jikarsa, ya nemi romo, har ya ce a ƙara. Na zungure ta da gwiwar hannu. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce in je in binciki ubansa, zan tarar mahaƙin kwal ne. Ban bincika ba, ita ma ta san ba zan bincika ba.

Abin da yawancin 'yan kulob ba su sani ba, ko suka manta, shi ne ba da sunan Wendy aka yanka mata rago ba. Widad Karam ce, an haife ta a wani ƙauye na kan dutse a Lebanon, tana shekara shida aka kawo ta nan. Mahaifinta ya samu aiki a masana'antar ƙarfe, inda mahaifinmu da mahaifin kowa yake aiki. Mahaifiyarta, Nazha, ta baro keken ɗinkinta a can saboda nauyi, amma ta taho da turmin dutse a naɗe cikin bargo. A cikinsa take daka tafarnuwa da gishiri, tana ɗiga mai da ruwan lemon tsami kaɗan-kaɗan har abin ya tashi fari tas kamar auduga. Tum suke ce masa, kuma da shi suke cin komai.

Da shi ma aka shafa wa Widad burodin da ta fara zuwa da shi makaranta. Ina aji ɗaya a bayanta, ina nan a filin wasa ranar da ta buɗe akwatin abincinta. Wata yarinya mai suna Gail Tuckwell ce ta fara toshe hanci, ta ja da baya kamar ta ga mushe, sauran yara suka bi ta. Abincin ranar Gail ɗin nan burodi ne da miyar tumatir, babu komai a tsakani, don ubanta ya fi sanin hanyar mashaya a kan hanyar gida. Amma ranar ta samu wadda za ta fi. Ni ma na toshe nawa hancin, tunda gaskiya na ce zan faɗa.

Daga ranar Widad ta shiga juye abincinta a kwandon shara na bayan aji, ta wuni da yunwa, ta koma gida ta ce ya yi daɗi. Da ta kai sha biyar ta samu aiki a shagon kifi da dankali na babban titi. Mai shagon ta gwada sunanta sau biyu, ta ga ya yi mata wuya, ta ce bari kawai ta kira ta Wendy. Yarinya ta kama sunan nan hannu bibbiyu.

A shagon yayana Des ya gan ta. Des direban injin ɗaga kaya ne a masana'anta, ƙato, marar magana, wanda ko ƙwai aka soya masa sai ya binne shi da miyar tumatir kafin ya san an ba shi abinci. Wata bakwai yana sayen dankali kullum kafin ya iya tambayarta ko tana zuwa rawa. Ranar da ya kawo ta gidanmu, mahaifiyarmu ta karɓe ta da fara'a, ta ba ta shayi a kofin baƙi, ta ce ita ba ta da matsala da kowa, duk Allah ne ya yi mu. Suna fita ta tashi ta buɗe tagogin falo duka. Mu shida ne a gidan gwamnati mai ɗaki uku, ruwan sama yana ɗiga mana a kan gado, amma dai mu ba masu cin tafarnuwa ba ne.

Wendy ta ga tagogin daga bakin ƙofa. Ba ta yi fushi ba, gasa ta shiga. Cikin shekara biyu ta fi mahaifiyarmu iya dafa kabeji har ya mutu murus, ta fi ta iya gasa cinyar rago ran Lahadi ba tare da wani abu mai ƙamshi ya kusance shi ba. Ta kafa doka cewa tafarnuwa ba za ta tsallaka ƙofar gidanta ba. In ta je gaida Nazha ta dawo, sai ta sauya kaya kafin ta zauna. Tsohuwar ba ta taɓa cewa uffan ba. Takan dai ba Des kwalbar tum ya kai gida, Wendy kuma ta sa shi ya mayar da ita ba a buɗe ba, har tsohuwar ta gaji ta bari.

Bayan rasuwar mahaifin Wendy, Des ya ɗauki ranar Alhamis ya ba surukarsa. In ya tashi daga aiki da rana sai ya wuce can, ya kai ta kasuwa, ya gyara mata abin da ya lalace. Shekara ashirin da biyu yana haka. Wendy takan yi alfahari da shi a gaban mata, ko da yake takan ce ita ba ta taɓa ganin famfo mai yawan lalacewa kamar na gidan uwarta ba. Abu ɗaya ne yake damunta: duk Alhamis Des yakan dawo yana taunar cingam mai na'a-na'a, hannunsa na ƙamshin sabulu. Ta yanke hukunci taba yake sha a ɓoye, ta shiga cusa masa takardun gargaɗin ciwon huhu a cikin akwatin abinci. Shi kuma ya karanta, ya ninke, ya ce ya gode. Da Nazha ta rasu aka raba kayanta, babu wanda ya nemi turmin. Des ya ce zai kai shi rumfarsa ta bayan gida ya riƙa tare ƙofa da shi.

Sai gari ya fara sauyawa. Masana'anta ta rage ma'aikata, tsofaffi suka mutu, 'ya'yansu suka sayar da gidaje. Masu saye kuwa mutanen Sydney ne, waɗanda suka gano cewa tekun da muka yi shekara da shekaru muna shanya wanki a gabansa abin kallo ne. 'Ya'yansu suka cika ƙungiyoyin yara na kulob, iyayen suka shigo kwamiti. Cikin shekara uku aka zaɓi ɗaya daga cikinsu, Philippa Garland, ta zama shugaba. Ba zan zage ta ba. Mace ce mai ƙwazo, ita ta samo mana sabon firiji, ita ta sa aka gyara banɗakin mata da muka yi shekara goma muna kuka a kansa. Laifinta kawai tana sa kaya masu tsada da suka yi kama da na wanda zai share gareji, kuma duk abin da ta gani a wurinmu sai ta ce ya burge ta.

A taron kwamiti na wata Lahadi da yamma Philippa ta kawo shawarar a ƙara wani abu a rumfar abinci, wai shi ayoli. Ta ce iyaye da yawa suna tambaya. Wendy ta ce mene ne kuma haka.

"Miyar tafarnuwa ce, Wendy," in ji Philippa. "Irin ta ƙasashen bakin Bahar Rum. A Sydney yanzu kowa da ita yake cin dankali."

Ina zaune kusa da Wendy, na ga wuyanta ya yi ja har kunne. Ta ce ta yi shekara talatin a tagar nan, ta san mutanen kulob ɗin nan ciki da bai, kuma ba masu cin tafarnuwa ba ne. Aka kaɗa ƙuri'a, ta sha kaye. Hannun da ya fara tashi sama na sakatariyar kwamiti ne, wato Gail Tuckwell, wadda ta auri mai sayar da gidaje, ta koma saman tudu, unguwar masu kuɗi, ta kuma fara kiran Philippa da Pip.

Asabar ta gaba aka kawo abin a farin bokiti daga kamfani. Wendy ta ce ita dai hannunta ba zai taɓa shi ba, ni zan riƙa zubawa. Nan take kuma ta buɗe masa babi a cikin iliminta: mai ayoli yana da mota biyu, karensa yana da likita, kuma bai taɓa tashi aikin asuba ba. Mako biyu tana wuce bokitin nan kamar ba ta gan shi ba. A na uku, da ta ɗauka hankalina yana wurin mai saye, sai na ga ta tsoma ɗan yatsa ta kai baki. Ta tsaya. Ta yamutsa fuska.

"Wannan ba miyar tafarnuwa ba ce," ta ce, da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. "Mayonis ne aka wuce da tafarnuwa ta gefensa."

Ashe Philippa ce a bakin taga. Ta leƙo da murna, ta tambaye ta ko ta iya yin ta gaske. Wendy ta goge yatsanta a jikin tawul, ta ce ita 'yar garin nan ce, ina za ta iya irin wannan abu, ta juya ta ci gaba da kwashe dankali daga mai.

Ni ce na kai wa Des labarin, don ya ba ni dariya. Shi bai yi dariya ba, ya dai ce, "Haka ta ce?" ya ci gaba da wanke motarsa.

Asabar ɗin da ta biyo baya ita ce wasanmu na ƙarshe a gida. Muna cikin kunna wuta sai ga Des, wanda a lokacin ya yi ritaya, ya shigo ta ƙofar baya rungume da wata ƙatuwar kwalba a naɗe cikin tawul. Ya ajiye ta a kan tebur ya ja gefe. Wendy ta buɗe murfin. Ƙamshin ya cika rumfar har ya danne na mai. Ta daɗe tana kallon abin da ke ciki, fari tas, a tsaye kamar an gina shi.

"Ina ka samo wannan, Desmond?"

In ta kira shi da cikakken sunansa, kowa a gidanmu ya san a nemi hanyar fita. Ni dai babu inda zan je.

"Yi na yi," in ji shi.

"Wa ya koya maka?"

"Mama Nazha."

"Famfon da kake gyarawa ke nan."

"Famfo ma na gyara," ya ce. "Sau biyu."

Kafin a tafi hutun rabin lokaci kwalbar ta ƙare ƙarƙaf. Mutanen Sydney suka yi layi har bakin fili, suna lumshe ido, suna ce wa juna wannan ita ce ta asali. Abin da ya fi ƙona wa Wendy rai shi ne ba su kaɗai ba ne a layin. Tsofaffin ma'aikatan masana'anta ma suna ciki, mutanenta na miyar tumatir, wasu ma har sun haɗa biyun a takarda ɗaya, ja da fari, suna ci babu kunya. Ta ci gaba da soya dankali har aka tashi wasa.

Kwana huɗu ba ta yi wa Des magana ba, kuma kwana huɗun nan kabeji ta dafa masa safe da yamma. Ran Laraba da hantsi ta zo gidana. Na dafa shayi, muka zauna a kicin. Na ɗauka zancen tafarnuwa za ta yi, sai ta fara da zancen taba. Ta ce shekara ashirin tana kwana da tsoron huhun mutumin nan, tana bin asibiti tana kwaso takardu, ashe ƙato yana can yana cin tum da burodi. Muka yi dariya har ta share hawaye, sai kuma na ga hawayen bai tsaya ba. Ta ce ta tambaye shi me suke hira a kai duk Alhamis ɗin nan, tunda Turancin Nazha bai wuce na kasuwa ba, shi kuma ko da Turancin ba magana yake yi ba. Ya ce ba sa hira. Tsohuwar tana daka, shi yana ɗiga mai, in ya yi sauri ta make masa hannu. Da hannunta ya fara ciwo suka yi musanya, shi ya daka ita ta ɗiga.

"Ni ce ya kamata in riƙe mata man nan, Lorrie," ta ce. "Ina can ina dafa kabeji."

Na ƙara mata shayi. Da za ta tafi ta ce kuma ko ma mene ne, lemon tsaminsa ya yi yawa.

Da sabuwar kakar wasa ta kama, kwamiti ya kori bokitin kamfani, aka ɗora wa Des aikin kawo kwalba biyu duk mako. Wendy ta amince ta riƙa zubawa, amma da dogon cokali, tana kawar da kai. A wasan farko Gail ta zo taga tare da Philippa, ta nemi dankali da tafarnuwa, ta ce a cika mata. Sai ta juya tana ba Philippa labari cewa ita ai tun tana yarinya ta san wannan miya, ajinsu ɗaya da Wendy, kuma duk makarantar babu wanda ba ya kwaɗayin akwatin abincinta.

"Haka aka yi, Gail," in ji Wendy. "Har hanci kike toshewa don kada kwaɗayin ya kashe ki."

Ta zuba mata cokali biyu maimakon ɗaya. Gail ta yi wata 'yar dariya ta karɓa, Philippa kuwa ta ce labarin ya burge ta. Ni na sunkuyar da kai ina ta ninke takardar da na riga na ninke. A hanyar gida na tattara ƙarfin halina na ce mata ni ma fa ina cikin yaran ranar nan. Ta ce ta sani. Ta ce amma hancina ƙarami ne, bai tare mata hanya sosai ba, in kula da titi.

Kwalba biyu suka zama huɗu, kafaɗar Des ta fara ciwo, sai ya je ya sayo injin markaɗe. Mako uku abin yana tafiya daidai. Ranar da za mu karɓi wasan kusa da na ƙarshe, wanda rabin gari zai zo, da ƙarfe bakwai na safe ya buga mini waya ya ce in zo, kada in yi hayaniya. Na tarar da shi a rumfarsa ta bayan gida ya yi tsuru-tsuru a gaban injin. Miyar ta tsinke. Mai ya koma gefe, tafarnuwa ta koma gefe, abin ya zama wani ruwa-ruwa mai launin fitsarin doki. Ya sake gwadawa, ta sake tsinkewa. Muna tsaye muna kallonta kamar za ta ji kunya ta haɗe, sai ga Wendy a bakin ƙofa da rigar barci da kofin shayi.

Ta dubi injin, ta dubi mijinta. Ta ajiye kofin.

"Matsa," ta ce. "Ɗauko turmin, ka kai kicin."

Ranar ce turmin Nazha ya fara shiga cikin gidan. Wendy ta sa ni ɓare tafarnuwa, ta karɓi kowace ɗaya ta tsaga ta cire ɗan koren tsiron da ke ciki, abin da Des ya ce shi bai taɓa lura tsohuwar tana yi ba. Ta sa man a firiji ya yi sanyi. Sannan ta zauna a ƙasa ta sa turmin tsakanin ƙafafunta, mace mai shekara sittin da bakwai da ciwon gwiwa, ta fara daka. Ta ce wa Des ya ɗiga man siriri kamar zare. Da ya yi sauri ta make masa hannu ba tare da ta ɗago kai ba. Can sai na ji tana gunaguni da Larabci, harshen da ban ji a bakinta ba tun ranar jana'izar uwarta. Ban san ko addu'a take yi ko zagi ba. Ashe tun tana shekara biyar ita ke riƙe wa Nazha taɓarya, kuma hannunta bai nemi izininta ba kafin ya tuna.

Sau biyar ta cika turmin nan kafin ƙarfe goma. Miyar ta tashi har in ka tsaya da cokali a ciki ba ya faɗuwa. Des ya ɗanɗana, ya ce ta yi daɗi, amma ta Mama ta fi lemon tsami.

"Mama ta ƙara lemo ne da harshenta ya tsufa," in ji Wendy. "Kai ta tsufa ka koya. Wannan ita ce ta ƙuruciya."

Sai da muka kama ta mu biyu kafin ta iya miƙewa.

Daga ranar ita ke yi, duk Juma'a, Des yana riƙe mai. Labari bai ɓuya ba, don Gail ta tabbatar da haka, har da tsohon sunan. Philippa ta zo da sabon allo na jerin abinci da ta sa aka zana, ta ce tana so a rubuta "Tum ɗin Widad" a sama, don a girmama asalinta, kuma sunan yana da daɗin ji, mutane za su so shi. Wendy ta saurare ta har ta gama. Ta ce sunanta Wendy, shekara hamsin ta yi tana aiki a kan sunan nan, ba za ta ajiye shi ba don yanzu wancan ya zama abin yayi. Philippa ta ce to me za a rubuta. Wendy ta ce a rubuta sunan wanda ya jawo fitinar. Haka aka yi allon kulob ɗinmu ya ɗauki "Miyar Des", har jaridar unguwa ta zo ta ɗauki hotonsa rungume da turmi, da rubutu a ƙasa cewa girkin gado ne na gidan Purkiss. Da mahaifiyarmu tana raye, ban san tagogi nawa za ta buɗe ba.

Ilimin nata kuwa Wendy ta yi ta ƙoƙarin yi masa kwaskwarima. Ta ce yanzu ba abin da mutum ya nema za ka duba ba, yadda ya kira shi za ka saurara: mai cewa ayoli ɗan saman tudu ne, mai cewa a sa masa abin nan na Des namu ne. Wannan ya riƙe ta kamar shekara biyu. Sai 'yarta Kerryn, wadda lauya ce a Sydney, ta kai ta wani gidan abinci na bakin ruwa don murnar cikarta saba'in. Aka kawo musu dankali guda goma sha biyu a tsaye cikin ɗan gwangwani, an barbaɗe shi da gishirin kaza, ga miyar tumatir a wani ɗan kasko kamar na maganin ido. Mai kawo abincin ya tsaya ya yi musu bayanin gishirin, wai a nan suke haɗa shi da kansu. A teburin kusa wasu maza masu kwat suna ci suna cewa ya tuna musu da ƙuruciya, ƙuruciyar da Wendy ta rantse ba su yi ba. Ta dawo a jirgin ƙasa ranta a jagule. Ta ce mini mutanen nan sun ƙwace tafarnuwa, yanzu sun dawo sun ƙwace gishirin kaza, saura romo. Daga nan ta ce ta bar duba dankali, takalmi za ta riƙa dubawa. Na tuna mata cewa mijin Philippa, wanda bai taɓa ɗaga abin da ya fi kwamfuta nauyi ba, takalmin lebura yake sawa. Ta ce ni dai ba na son zaman lafiya.

Bara gwiwa ta tilasta mata barin rumfar. Philippa ce ke soya dankali yanzu, duk hannunta tabon mai, kuma ba laifi, ta iya, ko da yake tana cika kwando da yawa. Wendy takan zauna a kujerar roba a bakin ƙofar baya tana gaya mata haka.

A watan da ya wuce wani ɗan kawun Wendy, Boutros, mai gasa kaji a yammacin Sydney, ya zo kallon wasan jikansa da aka kawo wurinmu. Rabonsu da juna tun jana'izar Nazha. Suka gaisa, suka tambayi waɗanda suka mutu, sannan ya ɗaga kai ya karanta allon. Ya sayi takarda ɗaya, ya dangwala, ya tauna a hankali irin na wanda sana'arsa ce. Ya dubi Des, wanda ke tsaye can yana kallon wasa da hannu a aljihu.

"Wancan ne ya yi wannan?" ya tambaya.

Wendy ta ce shi ne.

Boutros ya sake dangwala. Ya ce gaskiya a matsayinsa na Bature ya yi ƙoƙari, sai dai lemon tsami ya yi kaɗan. Wendy ta gyara zama a kujerarta, ta ce ai ta sha gaya masa, ba ya ji.